Jatan Landen Fatalwa: Maginin da Ya Bar Ramukansa a Duwatsun Ƙasar Hausa

Daga garin Dutsi, wanda ke kusa da Daura a arewacin Jihar Katsina, zuwa gaɓar teku mafi kusa, akwai ratar fiye da kilomita 800. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan manomin wannan yanki ya ce babu abin da ya haɗa shi da halittun ruwan gishiri, in ban da busasshen jatan landen da 'yan kasuwa ke kawowa daga kudu ana niƙawa a miya. To, amma a wurin masana ilmin duwatsu zancen ya wuce nan. Kimanin kilomita 300 yamma da Dutsi, a tuddan Goronyo da Wurno da Dange na Jihar Sakkwato, akwai shaida a fili cewa teku ya taɓa kwanciya a ƙasar Hausa, kuma ba sau ɗaya ba. Daga cikin shaidun akwai haƙoran kifi da ƙasusuwan kada da ɓawon ƙumba, waɗanda duk wanda ya gani zai shaida su. Akwai kuma wata shaidar da ba ta ɗaukar ido sai an nuna wa mutum, wato ramuka masu rassa waɗanda suka daskare suka zama dutse. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan ƙaramar halittar da ta fi kowace shahara wajen haƙa irin waɗannan ramuka, da yadda masana ke karanta aikinta, da kuma inda karatun yake da santsi.

Wace irin halitta ce?

Sunan da Turawa suka laƙaba mata ma'anarsa ita ce jatan landen fatalwa. Dalilin sunan biyu ne: jikinsa fari ne sol, a wasu jinsunan har ana hango kayan cikinsa ta cikin fata, sa'an nan kuma da wuya a gan shi a sarari, domin kusan duk rayuwarsa a cikin rami yake yin ta. Tsawonsa yakan kama daga santimita biyu ko uku zuwa kamar 15, gwargwadon jinsi.

Ɗan'uwan ƙaguwa ne, irin wadda yara ke tonowa a gefen kogi da fadama, kuma ɗan'uwan jatan landen kasuwa. Dukansu suna cikin babban rukunin da masana ke kira Decapoda, wato masu ƙafa goma. Ba su da ƙashi a ciki, ɓawo ne ya lulluɓe su ta waje, kuma idan jiki ya ƙaru sai su yi saɓa kamar maciji. Inda jatan landen fatalwa ya bambanta shi ne taushin ɓawonsa. Tun da yake bangon rami ya ɗauke masa nauyin tsaro, ɓawon ya zama siriri kamar takarda. Wurin da ya rage da tauri sosai shi ne ƙafafuwan gaba guda biyu masu kama da awartakin maƙeri. Ɗaya yakan fi ɗaya girma nesa ba kusa ba, musamman a jikin namiji. A wani jinsi na gaɓar yammacin Amurka, babban awartakin namiji yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa duka. Ƙafafuwa na uku masu faɗi ne kamar cokalin magini, da su yake tura ƙasa yana shafe bango. A ƙarƙashin cikinsa kuma akwai wasu 'yan filafilai da yake kaɗawa don ya tura ruwa cikin rami. Idanunsa ƙanana ne ƙwarai, tun da babu abin kallo a inda yake zaune.

Gida a ƙarƙashin rairayi

Wanda ya je gaɓar teku bayan ruwa ya janye zai tarar da filin laka ko rairayi cike da ƙananan tsibin ƙasa, kowane da ɗan rami a tsakiyarsa, tamkar ramukan gyare a gonar jigawa. Abin da ke sama ke nan. Abin da ke ƙasa kuwa an daɗe ba a san girmansa ba, saboda ramin laka ba ya tonuwa, da an sa cebur sai ya rufta. A shekarun 1960 aka samo dabara. Wani masani Ba'amurke mai suna Eugene Shinn, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1968, ya riƙa ɗura ruwan roba cikin ramukan da ke gaɓar Fulorida da tsibiran Bahamas, a bar shi ya daskare, sa'an nan a kwashe ƙasar da ke kewaye a ɗago siffar ramin ɗungurungum. Tun daga lokacin wannan dabara ta zama ruwan dare a wurin masu bincike.

Abin da aka gani ya ba da mamaki. Daga ɗan ƙaramin bakin nan, rami yakan gangara tsaye kamar rijiya, sa'an nan ya kwanta ya yi rassa ta ko'ina. Wasu jinsunan sukan nutsa fiye da mita 2. Faɗin ramin daidai jikin mai shi ne, don haka ba ya iya juyawa a ciki. Sai ya buɗa wani ɗan ɗaki a duk inda hanya ta rabu biyu, nan yake yin alkafura ya koma inda ya fito. Akwai kuma ɗakunan ajiya inda yake tara tsakuwa da fasassun ɓawon ƙumba da suka tare masa hanya. Wasu jinsunan ƙasashe masu zafi har ganyen ciyawar teku sukan jawo su adana a ɗaki.

Sha'anin bango shi ne ya fi cancanta a tsaya a kansa. A cikin laka mai danƙo, shafe bango da yauƙin jikinsa ya wadatar. A cikin rairayi mai zuba kuwa, wannan ba ya isa. Sai wasu jinsunan su riƙa cura ƙasa da yauƙi, su dunƙula ta ƙanana-ƙanana, su liƙa a jikin bango ɗaya bayan ɗaya, kana su shafe ta ciki ta yi sumul. Duk wanda ya taɓa kallon magini yana jera tubali yana bi da yaɓe a tsofaffin unguwannin Daura ko Katsina, ya ga irin wannan aiki. Bambancin kawai shi ne maginin ƙasa yana yaɓe ciki da waje, shi kuwa wannan ta ciki kaɗai hannunsa ke kaiwa, don haka bayan bangon yakan zauna da ƙuraje-ƙuraje kamar ƙwayoyin masara a jikin totuwa. Mai karatu ya riƙe wannan siffa, za a dawo gare ta.

Abincin mafi yawansu a cikin ƙasar yake. Sukan tankaɗe laka su cinye ruɓaɓɓun abubuwa da ƙananan halittun da ke cikinta, su watso sauran waje. Da yake a wuri mai albarka akan sami ɗaruruwansu a murabba'in mita ɗaya, kullum cikin juya ƙasar suke, kamar yadda tana ke yi a gona. Ruwan da suke turawa cikin ramuka yana kai iskar oksijin can ƙasa inda da babu ita, wannan kuma yana hanzarta ruɓewar abubuwa da komawar taki cikin ruwa. Su kansu suna da jimirin ƙarancin iska, har an gwada an ga wani jinsi yana yin kwanaki a ruwan da babu oksijin. Ramin kuma ba ya rasa baƙi: ƙananan kifaye da 'yan mitsi-mitsin ƙaguwa da wata irin ƙumba duk sukan raɓa su zauna a ciki.

Ba kowa ne ke murna da wannan himma ba. A mashigin ruwan Willapa na Jihar Washington a Amurka, masu kiwon kawa sun daɗe suna kuka da shi, domin yana sassauta ƙasa har kawar ta nutse cikin laka ta mutu. Daga farkon shekarun 1960 aka shiga fesa maganin ƙwari mai suna carbaryl a filayen, aka yi kusan shekara 50 ana yi kafin a daina. Da masu kiwon suka nemi izinin amfani da wani maganin, hukumar muhalli ta jihar ta hana a 2018, saboda illarsa ga sauran halittun ruwa. A Ostareliya da Afirka ta Kudu kuwa masunta ne ke zuƙo shi daga rami da wani famfon hannu, su sa a ƙugiya.

Yadda ya raɗa wa Kamaru suna

Afirka ta Yamma tana da nata jinsin, kuma tarihinsa ya fi na sauran armashi. Sunansa na kimiyya Lepidophthalmus turneranus, wanda masanin Birtaniya Adam White ya fara bayyanawa a 1861. Ana samun sa a bakin koguna da tafkunan gaɓar teku tun daga Togo har zuwa Kwango, wato har da gaɓar Nijeriya. Shekara da shekaru yana ɓoye a laka ba a ganin sa. Amma bayan kowace shekara uku zuwa biyar sai ya fito daga ramuka dubbai bisa dubbai, ya cika ruwa na 'yan kwanaki. Inda abin ya fi shahara shi ne bakin kogin Wuri, wurin da birnin Duwala yake a yau. Mutanen Duwala sukan shiga ruwa da kwanduna su yi ta kwasa. Matan jatan landen ake ci ɗungum, mazan kuwa an ce suna ƙaiƙayin maƙogwaro, don haka akan matse su a fitar da mai.

A wajen shekarar 1472 jiragen ruwan Fotugal suka iso bakin wannan kogi. Yawan jatan landen da matuƙan suka gani ya sa suka kira wurin Rio dos Camarões, wato kogin jatan lande. Sunan ya bi bakin Turawa iri-iri yana sauyawa. Jamusawa da suka kafa mulki a 1884 suka ce Kamerun, Faransawa da Ingilishi kowa ya furta yadda harshensa ya ba shi, Bahaushe kuma ya ce Kamaru. Ke nan Hausawan unguwar New Bell ta Duwala, da fataken da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Garwa da Ngaundare, duk lokacin da suka ambaci sunan ƙasar, wannan ɗan maginin laka suke ambata ko ba su sani ba.

Jakar magori

Tun daga aikin Linnaeus na 1758, kowace dabba tana da suna biyu a kimiyya: sunan zuriya da sunan yanka. Zuriyoyi masu kama da juna ana tara su a dangi ɗaya, dangogi kuma a rukuni. A 1808 George Montagu ya bayyana wani jatan landen rami daga gaɓar kudancin Ingila, a 1814 kuma William Leach ya ƙirƙiro masa zuriya mai suna Callianassa, sunan wata aljanar teku a tatsuniyoyin Girkawa. Daga nan sai sunan ya zama jakar magori. Fiye da shekara 150, kusan duk wanda ya tono farin jatan lande mai taushi daga rami, a kowace nahiya, cikin Callianassa yake jefa shi. Shi kansa na Kamaru an daɗe ana kiran sa Callianassa turnerana.

Ba sakaci ne kawai ya jawo haka ba. Zaman rami yana tilasta wa jiki siffa guda: dogo, mai taushi, mai ƙananan idanu. Halittun da asalinsu ya bambanta, idan suka daɗe suna sana'a ɗaya, sai su yi kama da juna har su ruɗi mai kallo. A da, duk masu haƙa ramin nan an haɗa su a rukuni ɗaya mai suna Thalassinidea. A 1979 wata masaniya Bafaranshiya, Michèle de Saint Laurent, ta nuna cewa rukuni biyu ne. Hujjarta ta haɗa da ƙafafuwa na biyu: a wani ɓangaren suna da ɗan awartaki, a ɗayan babu. Ba a rungumi ra'ayinta nan da nan ba, sai da binciken ƙwayoyin gado, musamman wanda Rafael Robles da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, ya mara mata baya. Yanzu ana da Axiidea, inda jatan landen fatalwa yake, da Gebiidea, inda ake samun jatan landen laka da kuma Thalassina na dazuzzukan gaɓar kudu maso gabashin Asiya, mai tara tudun laka kamar suri. A 1991 Raymond Manning da Darryl Felder suka fara zazzage jakar Callianassa ta ɓangaren Amurka. A 2019 kuma Gary Poore na gidan tarihin Melbourne da abokansa suka sake tsara dangin baki ɗaya zuwa dangogi bakwai, aka bar 'yan jinsuna ƙalilan a Callianassa ta asali.

Idan masu nazarin rayayyu sun sha wuya haka, to ina ga masu nazarin waɗanda suka zama dutse? Jiki mai taushi yana ruɓewa cikin kwanaki, awartaki kaɗai ke saura. A 2015 Matúš Hyžný da Adiël Klompmaker suka ƙididdige jinsuna 274 da aka taɓa bayyanawa daga duwatsu a matsayin jatan landen fatalwa, suka amince da 250. Daga cikin jimillar, 160 ba a san kome nasu ba sai ƙarshen awartaki. Kamar a ba mutum kofato ne a ce ya faɗi irin saniyar. Ga shi kuma awartakin namiji dabam da na mace, na dama dabam da na hagu, na yaro dabam da na babba, ta yadda dabba ɗaya za ta iya samun suna uku ko huɗu. Duk da haka awartakan sun tabbatar da abu ɗaya: dangin nan yana duniya tun kimanin shekara miliyan 133 da suka wuce, kuma ya tsallake halakar da ta share manyan dabbobin dinoso shekara miliyan 66 baya.

Ramin da ya fi mai shi daɗewa

Idan mai rami ya mutu ko ya ƙaura, ƙasa takan zubo daga sama ta cike ramin. Sau da yawa ƙasar da ta cike shi ta bambanta da wadda ke kewaye, a launi ko a laushi. Bayan miliyoyin shekaru duka biyun sun zama dutse, sai zaizayar ƙasa ta cinye mai taushin ta bar mai taurin. Abin da mutum zai tsinta shi ne sandar dutse mai kaurin yatsa ko fiye, mai rassa kamar citta.

Da yake ba a cika samun mai ramin a ciki ba, masana sukan ba ramin sunansa na kansa. Mai ƙuraje a baya, wato mai ginin tubali, shi ne Ophiomorpha, sunan da Lundgren ya ba shi a Suwidin a 1891. Mai sumul, wanda rassansa ke rabuwa biyu da kumburi a mararraba, shi ne Thalassinoides, daga Ehrenberg a 1944. An daɗe ana gardama a kan Ophiomorpha, har wasu na zaton tsiron ruwa ne. A 1964 Robert Weimer da John Hoyt suka kwatanta shi da ramukan wani rayayyen jinsi, wanda yanzu ake kira Callichirus major, a tsibirin Sapelo na Jihar Jojiya a Amurka, suka ga ba su da maraba. Suka kuma lura cewa wannan jinsi yana zaune ne daga inda igiyar ruwa ke bugu zuwa ruwa marar zurfi.

Muhimmancin wannan a bayyane yake. Ƙashi ko ɓawo, ruwa yana iya kwasar sa daga wani wuri ya yar a wani. Rami kuwa ba ya ƙaura, inda aka haƙa shi nan yake. Saboda haka wanda ya sami shimfiɗar dutsen rairayi cike da Ophiomorpha yana da hujja mai ƙarfi cewa a daidai nan gaɓar teku ta taɓa kasancewa. Da irin wannan hujja aka gane asalin dutsen rairayin Ajali na yankin Inugu, kuma masu neman man fetur a yankin Neja Dalta suna duba ta a cikin dutsen da suke zarowa daga rijiyoyinsu.

Tekun da ya ratsa Sahara

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka shige, duniya ta fi yanzu zafi, ruwan teku kuma ya fi yanzu tudu. A lokuta dabam-dabam wani hannun teku marar zurfi ya riƙa malalowa daga arewa, ta inda Aljeriya da Mali da Nijar suke a yau, har wani zubin ya haɗe da ruwan kudu. Kwarin Sakkwato shi ne gefen kudu maso gabas na wannan babban kwari, wanda masana ke kira Iullemmeden, sunan wata ƙungiyar Abzinawa. Tun 1911 J. D. Falconer ya yi bayanin duwatsun yankin, daga baya kuma Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi shekaru yana tantance shimfiɗunsu a shekarun 1970.

Shimfiɗun suna jere ne kamar shafukan littafi, tsoho a ƙasa, sabo a sama, kuma kowace an ba ta sunan garin da ta fi bayyana. A ƙasa akwai ta Gundumi, yashi da tsakuwar koguna mai ɗauke da itatuwan da suka zama dutse. A bisanta akwai ta Taloka, lallausan rairayi da yumɓu. Sai ta Dukamaje, laka mai gishirin jipsum da ƙasusuwa, wadda ta kwanta lokacin da teku ya cika kimanin shekara miliyan 70 baya, a ƙarshen zamanin Kiritashiyas. Sai ta Wurno, lokacin da ya ja baya. Bayan haka ya sake dawowa a zamanin Paliyosin, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, ya ajiye lakar Dange mai fosfet da farin dutsen Kalambaina. Daga nan ya tafi bai komo ba, yashin Gwandu ya rufe kome.

Shimfiɗar Dukamaje ce ta yi suna a duniya. Daga cikinta W. E. Swinton ya bayyana ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a 1930, wanda masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka sake wa suna Goronyosaurus a 1972, don tunawa da Goronyo. A 1975 kuma Beverly Halstead ya bayyana wani kada mai suna Sokotosuchus. Irin waɗannan su ke jan hankalin jama'a, kuma sun cancanta. Sai dai ƙadangaren teku yana iyo ko'ina, gawarsa ma tana iya yawo a ruwa kafin ta nutse, don haka abin da yake faɗi bai wuce cewa akwai teku ba. Mai son sanin inda bakin tekun yake, sai ya koma ga lallausan rairayin Taloka da Wurno. A nan masu bincike suka ba da rahoton ramuka irin su Thalassinoides da Ophiomorpha, tare da siraran shimfiɗun laka da rairayi masu bin juna, irin waɗanda cikowa da janyewar teku ke bari. Waɗannan su suka nuna cewa wuraren filayen gaɓa ne, irin waɗanda jatan landen fatalwa ke zaune a cikinsu a yau.

To, ina Dutsi da Daura a wannan lokaci? A tudu suke. Manyan duwatsun da ke tsaye a mafi yawan ƙasar Katsina giranit ne da danginsa, waɗanda suka narke suka daskare a can cikin ƙasa, da yawansu kimanin shekara miliyan 600 baya. Dutsen da ya fito daga wuta ba ya adana gawa ko rami. Yashin da ya rufe su ta arewacin jihar kuwa na koguna ne da na iska. Ma'ana, wannan yanki yana cikin tuddan da suka yi wa tekun iyaka ta gabas da kudu, kuma irin waɗannan tuddai su ne ruwan sama ke zaizaya yana kai yashinsu gaɓa.

Inda ake zamewa

Akwai jarabar da ke kama sabon ɗalibi, ta ganin jatan lande a kowane rami. Ya kamata a yi hattara. An sami Thalassinoides a duwatsun da suka kai shekara miliyan 450, alhali masu ƙafa goma ba su bayyana ba sai wajen miliyan 365. Ke nan wasu halittun dabam sun haƙa irinsa tun kafin a san da jatan landen fatalwa. An kuma sami wani nau'in Ophiomorpha a ƙasan teku mai zurfi. Rami ɗaya tak ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da irin ƙasar da yake ciki da sauran alamomi. Masanin kirki yakan ce rami irin na jatan landen fatalwa ne, ba ya rantsuwa cewa shi ne ya haƙa, sai ya ga awartaki a ciki.

A ƙasar Katsina da Daura abin da ya fi ruɗi shi ne marmara, wadda sau da yawa take cike da ƙofofi masu murɗe-murɗe. Waɗannan a tudu suka samu, ta hanyar ruwan sama da saiwoyi da gara, ba su da alaƙa da teku. Saiwa tana sirancewa yayin da take rassa, hanyar gara kuma ba ta da tsayayyen faɗi. Ramin jatan lande kuwa kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai a mararraba yake kumbura.

Wannan ilmi ba na nishaɗi ba ne kurum. Dutsen da ramuka suka huda yana barin ruwa ko mai ya ratsa shi cikin sauƙi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da birnin Miami na Amurka ke sha yana gudana ne a cikin farin dutsen da Ophiomorpha ya mayar kamar rariya, kuma a filin man Ghawar na Saudiyya an danganta wasu shimfiɗu masu saurin ba da mai da ramuka irin na Thalassinoides. A kwarin Sakkwato ma, rairayin Taloka da na Wurno suna cikin shimfiɗun da rijiyoyin burtsatse ke samun ruwa, don haka sanin inda tsohuwar gaɓa ta bi yana taimaka wa mai neman inda rairayin ya yi kauri da inda ya koma laka.

Farin dutsen Kalambaina kuwa tun 1967 ake ƙona shi ana yin siminti, a masana'antar da yanzu take hannun kamfanin BUA. Mahaƙa irin wannan tana da fuska biyu. Tana buɗe sabbin shimfiɗu waɗanda da ba don ita ba babu mai ganin su, tana kuma niƙe abin da ta buɗe cikin ɗan lokaci. Haka gefen hanyoyin da aka yanka a tudu da gaɓar ƙoramu suke: damina ɗaya ta tono, ta gaba ta wanke. Abin da ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Zariya ba su rubuta ba a fitarsu ta bana, mai yiwuwa ba za su same shi baɗi ba.

Wanda ya ci karo da irin wannan rami, abu na farko shi ne kada ya yi gaggawar ɓamɓaro shi. Ya ɗauki hotonsa a inda yake, da biro ko tsabar kuɗi a gefe don a gane girmansa, ya rubuta sunan ƙauyen da tsayin shimfiɗar daga gindin tudu, da irin dutsen da ke samanta da ƙasanta. Sa'an nan ya duba cikin ramin da kyau, musamman wuraren da suka kumbura. Idan ya ga wani ɗan farin abu mai siffar bakin awartaki, wanda bai fi farce girma ba, to ya sami mai gida a cikin gidansa, abin da Hyžný da Klompmaker suka ce da wuya ake dacewa da shi a ko'ina cikin duniya. Irin wannan sai a naɗe shi a takarda tare da dutsen da ke riƙe da shi, a kai sashen ilmin duwatsu na jami'a mafi kusa.